Asalin Ƙwallon Kofin Gari Huɗu

Sha'aibu ya kifa kofin a kan tebur, tsohuwar ƙwallon farko ta gasa da ake ajiyewa a ciki ta faɗo, ta yi tsalle gefe kamar yadda irinta ta saba. Saura kwana biyar a zauna taron kwamiti, shi kuwa, a matsayinsa na sakatare, bai gano asalinta ba.

Shekara arba'in ke nan Gumel, Maigatari, Gagarawa da Sule Tankarkar suna buga gasar zari-ruga da zarar an kawar da amfanin gona. Sili-ɗaya-ƙwale ce, wanda aka kayar sai baɗi. 'Yan acaɓa, teloli, manoma da masu lodin mota, sha biyar nan sha biyar can, su haɗa kawuna kamar raguna, su yi ta turereniya a kan ƙwallo mai siffar gwanda, wadda ba a jefa ta gaba sai baya. An yi shekarar da Gagarawa ta ci da mutum goma sha uku. An yi shekarar da bijimi ya shiga fili ya kori alƙalin wasa har bakin titi. Duk an sha, an wuce.

Abin da ya ƙi wucewa shi ne shawarar bana. Wani mai ɗan baki ya ce a buga wasan ƙarshe na arba'in a garin da wasa ya faro, kofin kuma ya zauna can. Kowa ya yi tafi, don kowa ya ɗauka garinsu ake nufi.

Maigatari suka ce wani direban babbar mota ne ya shigo da ƙwallon farko daga Damagaram. Gumel suka ce marigayi Malam Dalhatu, malamin motsa jiki, shi ya zo da ita daga Kano. Gagarawa suka fito da wani tsohon soja da ba wanda ya tuna sunansa. Sule Tankarkar ba su da labari, sai suka ce duk ƙarya ce. Aka rantse: in sakatare bai kawo hujja ran Asabar ba, kowa ya kama gabansa, gasa ta mutu.

Sha'aibu haifaffen Maigatari ne, zuciyarsa na wajen direba. Amma ya fi son gasar da garinsu.

Ya fara da Gumel. Iyalan Malam Dalhatu suka ɗauko masa littafin dokoki, rubutun hannu, gara ta ci gefe. A shafin farko an rubuta: "Ƙwallo tarar da ita na yi a hannun yara suna kokawa a kanta. Dokoki kawai na kawo." A ina? Malam bai faɗa ba. Maza ke nan, su rubuta komai su bar wanda ake nema.

Ran Alhamis ya kai tsohuwar ƙwallon rumfar dukawa a kasuwar Maigatari, yana fatan a gano masa tambarin Faransa. Wani tsohon baduku ya juya ta, ya shinshina, ya yi dariya.

"Ɗana, wannan fatar akuya ce, jimar gida. Ɗinkin kuma na ɗan koyo ne. Dubi yadda basilla ta kauce nan. Wanda ya yi wannan ya huda yatsansa, ga tabon jini."

Sha'aibu ya dawo hannu rabbana. Direba ya faɗi, Malam ya faɗi, soja dama bai tashi ba.

Ran Juma'a bayan masallaci ya biya gidan mahaifiyarsa. Duk gari huɗu an san ta, Adda Mai Fura. Daga gidan dukawan Ɗanzomo aka auro ta, can ƙasar Sule Tankarkar, kuma ba a taɓa buga wasan kofi ba ta kasa furarta a bakin fili ba. Furar ma ta yi suna. Ta kowa mulmulalliya, tata kuwa doguwa mai tsini biyu, sak ƙwallon zari-ruga. 'Yan wasa suna cewa ba wanda ya kai Adda ƙaunar gasa, har furarta ta shiga ƙungiya. Ita dai tsaki take ja, ta juya wa fili baya, ta ci gaba da damu.

Ya same ta a tsakar gida tana cura fura, babban yatsanta mai tsohon tabo yana danna gari. Ya ajiye ƙwallon a kan tabarma, ya zazzage mata damuwarsa tas.

"Inna, gobe gasa za ta mutu a hannuna."

Ba ta kiran sunansa, ɗan fari ne. "Kai wannan, wa ka tambaya?"

"Kowa, Inna."

"Kowa," ta ce. "To, madalla da kowa."

Ta share hannu a zane, ta ɗauki ƙwallon, ta bi ɗinkin da farce har inda basilla ta kauce. Ta daɗe a wurin. Sannan ta dire ta kusa da faifan fura, ƙwallo ɗaya babba, 'yan ƙanana ashirin a jere, kamar kaza da 'ya'yanta.

"Gobe ka ce musu su kai kofinsu Ɗanzomo," ta ce. "Ƙwallon ƙafa makaranta ta ce Baba ya ɗinka, ya tafi cin kasuwa ya bar mini aikin. Yara suka buga ta ƙi tafiya daidai, suka sunkuce ta suka ruga. Ni kuwa tun da Allah ya yi ni, hannun nan bai taɓa cura abu ya fito mulmulalle ba."