Maƙeri da Zuciyar Matarsa

Ka ce tunda abin awo ya nuna lafiya lau, magana ta ƙare. To, gyara zama ka ji na wani maƙeri.

Maƙerin nan ƙaƙƙarfan mutum ne, damtsensa ya kai cinyar wani. Wata rana yana tsakar dukan ƙarfe ya ji kamar an ɗora masa uwar maƙera a ƙirji, zafin ya gangaro ta hannun hagu, gumi ya keto masa. Ya kira sunan Allah da ƙarfi, maƙwabta suka kwashe shi sai asibiti, aka ce ciwon zuciya ne. Da sauran shan ruwansa a gaba, ya tashi. Ranar sallama aka haɗa shi da abin awon jini, irin wanda ake ɗaurawa a damtse, aka ce ya riƙa aunawa a gida kowace safiya, wata ma'aikaciyar jinya za ta riƙa bugo waya tana jin abin da ya nuna. Matarsa, wata siririyar mace mai sana'ar ƙuli-ƙuli, ita ke jinyarsa. Da aka duba ta aka ga ita ma jininta na hawa, aka ce ta riƙa aunawa tare da mijinta.

Da fari maƙeri ƙin awon ya yi, wai shi ba rago ba ne da za a riƙa ɗaure masa hannu kullum. Matar ce ta bi shi da lallashi har ya saba. Da ya saba kuwa sai ya zama malami. Duk wanda ya kawo gyaran fartanya sai ya sha karatun yadda ciwon zuciya ke zuwa, da dutsen da ke danne ƙirji, da hannun hagu. In ma'aikaciyar jinya ta bugo, ko tari ya yi jiya sai ya faɗa mata. Ita kuwa matar, in an miƙa mata wayar, sai ta zayyana abin da Malam ya ci da yadda ya yi barci, in aka zo kanta ta ce da sauƙi. Awon ma a gurguje take yi, ɗaurin ya yi wa hannunta yawa yana zamewa har gwiwar hannu, lambobin kuma kullum masu kyau.

Da kaka ta yi, gyaɗa ta shigo kasuwa, sai ta fara wata irin gajiya. Ga tashin zuciya, ga ciwo tsakanin kafaɗu yana hawa har muƙamuƙi. Ta ce matsar mai ce da hayaƙin suya. Maƙeri ya yarda, don a ganinsa shi ya san ciwon zuciya ciki da bai: ƙirjinta bai danne ba, hannunta lafiya, abin awo kuma bai yi gardama ba. Ya sayo mata man zafi, ya koma maƙerarsa.

Wani hantsi ya dawo gida ɗaukar awartakin da ya manta, ya tarar da ita zaune a kan kifaffen turmi da tsintsiya a hannu, rabin tsakar gida a share, rabi ba a share ba. Tun da ya auro ta bai taɓa ganin ta bar shara a tsakiya ba. Ta yi masa murmushi ta ce hutawa take yi. Shi kuwa ya tsaya ya dube ta irin duban da yake yi wa ƙarfe a wuta, wanda launi kaɗai ke gaya masa ya yi ko da saura. Leɓɓanta sun yi toka-toka, gumi mai sanyi ya tsattsafo a goshinta alhali rana ba ta yi zafi ba, tana jan numfashi da baki. Ya ɗauko abin awo ya ɗaura mata da kansa, lambobi suka fito sumul kamar kullum. Duk da haka bai yarda ba. Ya buga wa ma'aikaciyar jinya waya ya ce, "Malama, abin awo ya ce lafiya, matata ma ta ce lafiya. Ni da nake zaune da ita na ce ba lafiya ba." Ta tambaye shi ina da ina ke yi wa matar ciwo, da ta ji batun muƙamuƙi da tashin zuciya ta ce a kawo ta yanzu. Matar ta ce gyaɗarta na kan wuta. Maƙeri ya sauke kaskon da hannunsa, ya yayyafa wa wutar ruwa, ya fita neman mota.

A asibiti aka gano jijiyar zuciyarta ta fara toshewa, wato ciwon da ya kayar da shi ne ya zo mata ta wata ƙofa. Likita ya ce sau da yawa haka yake zuwa wa mata, ba lallai da danne ƙirji ba, ga shi kuma ɗaurin da aka yi don damtsen maƙeri ba zai faɗi gaskiyar siririn hannu ba. Aka yi mata magani, aka ba ta nata ɗaurin daidai hannunta, ta warware ta koma sana'arta. Tun daga nan maƙeri ba ya fita da safe sai ya zaunar da ita ta huta, ya auna ta, ya kuma dube ta da kyau. In ta ce da sauƙi, sai ya ce, "Na ji. Yanzu gaya mini sauran."

Saboda haka ka riƙe abin awonka, yana da amfani, amma ka riƙa ɗaga kai kana duban wadda ka ɗaura wa. Hausawa ba su yi ƙarya ba da suka ce labarin zuciya a tambayi fuska.