Zakara a Tafki

Kunun gyaɗar ya huce tun ɗazu, Dakta Abdulbaqi kuwa bai samo sunan agwagwa ba.

Ya bi ƙamus daga bango zuwa bango. Gotawa, wata al'umma ta tsohuwar Turai da harshenta ya mutu shekaru aru-aru, sun bar wa duniya kalmar raƙumi, da ta allura, da ta mai karɓar haraji. Agwagwa kam, ga alama ba su ga amfanin ambatonta ba. Abin da ya rage na Gotanci guntayen littafin addini ne, kuma marubutansa ba su hango cewa wata rana wani dattijo a Nassarawa GRA zai so ya fassara labarin yara da shi ba.

Tsohon labari ne, na Turawa: agwagwa ce ta ɓata a tashar jirgin ƙasa. Ya zaɓe shi ne don jimlolinsa gajeru ne.

"Alhaji, ta sake ture kofin," in ji Indo, mai kula da Nabiha, daga bakin ƙofa. "In ɗumama?"

"Ɗumama. Ga ni nan."

Nabiha ta daina zuwa makaranta tun bara waccan. Magana ta bi baya, sannan cin abinci. Sai ta dunƙule hannu, ta datse baki, ta juya wa kowa ƙeya. An gwada tatsuniya, an gwada talabijin, Gwaggo ta aiko da rubutu daga Giginyu. Wata la'asar, don gajiya kawai, Dakta ya zaro wani littafi daga kanta ya karanta layi biyu na Gotanci da ƙarfi. Ta juyo. Ya ƙara biyu, ta buɗe baki, Indo ta zura cokali. Likita ya ce wataƙila sautin ne yake mata daɗi. Likitoci suna son kalmar nan wataƙila.

Sai dai guntayen ba su da yawa, Nabiha kuma ba ta son maimaici. Da suka ƙare, dole ya fara ƙera sabo, shafi ɗaya a wuni in an dace, da tabarau biyu da ciwon baya.

Maƙwabcinsa Alhaji Sagiru ya tare shi a ƙofar masallaci.

"Dakta, wai littafin nan su wa za su karanta? Aljanu?"

"Mutum ɗaya ce, kuma ta fi aljanu wuyar sha'ani."

Jibrin, babban ɗansa, bai ɗauki abin da raha ba. Ya kira daga Abuja.

"Baba, ka dubi wuyanta a hoton nan. Kai ma ka dubi naka. Ranar Asabar zan zo. In har ba ta ci, zan taho da ita, Safina za ta riƙe ta."

Dakta bai yi gardama ba. Jibrin yana da haƙƙi a kanta, babu mai musun wannan. Amma ya san gidan Jibrin: ɗakuna masu sanyi, matarsa Safina mai haƙuri, kuma babu ko mutum ɗaya da zai iya karanta layi guda. Ya kuma san nasa gidan, da irin faɗin da zai yi in aka fitar da ita.

Tun da agwagwar ta tsaya masa, aikin ya tsaya, cokalin ma ya tsaya. A babin farko ya yi ta kewayewa da "tsuntsuwar nan", amma yanzu mai tashar jirgi ya tambaye ta ko ita wace ce, kuma dole ta amsa.

Ranar Asabar da hantsi ya haƙura. Gotawa sun bar sunan zakara. Ya rubuta zakara, ya nemi gafarar kowa, ya ci gaba.

Ya sami Nabiha a baranda, kallabinta ya zame, tana tura harshe a giɓin haƙoranta na gaba. Indo ta riga ta haɗa akwati. Jibrin yana tsaye da makullin mota a hannu, irin tsayuwar wanda ya gama shawara tun a hanya.

Dakta ya zauna ya fara karantawa. Zakara ya faɗi sunansa. Zakara ya shiga jirgin ƙasa, wanda Dakta ya kira "gidaje masu gudu". Indo ta miƙa cokali, bakin bai buɗe ba. Zakara ya sauka a wani ƙauye. Muryar Dakta ta fara dishewa, Jibrin ya dubi agogo. Zakara ya hango tafki, ya yi murna, ya faɗa ciki ya kama iyo.

Sai Nabiha ta riƙe masa hannu.

"Malam," in ji ta, da muryar da ta daɗe a ajiye. "Zakara ne yake iyo?"

Ta karɓi cokalin daga hannun Indo, ta ɗebi kunu da kanta, rabi a baki rabi a riga. Ta sake ɗiba.

Jibrin ya zauna a ƙasa, makullin a cinyarsa. Can ya ce, "Indo, mayar da akwatin ciki."

"Kai da ka ƙare ƙuruciyarka kana duba kaji," Nabiha ta ƙara, ba ta ko dubi Dakta ba. "Da ɗalibina ne kai, sai ka maimaita shekara."

Dakta Abdulbaqi, likitan dabbobi mai ritaya, bai ji haushi ba. Matarsa Nabiha ta yi shekara talatin tana koyar da harshen nan a jami'a, kuma ko a zamanin da take gane 'ya'yanta, bai taɓa jin ta ce aikin wani ya yi ba.