Hannun Mai Faskare

Kai da ba ka iya barin abu yadda ka same shi, gyara zama ka ji. An yi wani mutum a bakin tasha, da can facin taya yake yi, daga baya ya koma sayar da itace. Ba shi da gona, ba shi da garke, hannunsa na dama shi ne abincin gidansa. Da gatari ya ci masa kafaɗa, sai Allah ya hore masa injin faskare, irin wanda mai ke bi ta cikin tiyo ya tura ƙarfe, ƙarfen ya danna gungume a kan kaifi har ya tsage. Injin ba shi da sauri, amma ba ya gajiya. In ya gamu da gungumen da ya fi ƙarfinsa, kamar kirya mai ƙulli, sai ya yi nishi ya tsaya, domin akwai wani ɗan noti da aka ɗaure daidai, mai sassauta man idan nauyi ya yi yawa. Wannan tsayawar ita ta tsone wa mutumin ido. Masu gidan burodi suna jiran itace, shi kuwa gani yake ragwanci ne kawai injin ke yi. Ya je wurin tsohon makanikin da ke duba masa shi, ya ce a sauke ƙaramin injin da ke tura man a ɗora babba, a kuma ɗaure notin nan tamau. Tsoho ya ƙi. Ya ce tiyon daidai ƙarfin ƙaramin injin aka yi shi, in za a ƙara inji sai an sake shi da duk mahaɗansa. "Wannan notin da ka raina," in ji shi, "shi ne hankalin injin." Mutumin ya yi dariya, ya ce tsufa ne ya sa wa Baba tsoro.

Ya koma gida ya yi da kansa. Ya samo kan injin niƙa ya ɗora, ya sa sifana ya murɗe notin har ƙarshe, tsohon tiyo kuwa ya bar shi, wai ai bai tsage ba. Kwana tara injin yana fasa kirya kamar rake, mutane na tsayawa kallo, shi yana ta hura hanci. Ran na goma da hantsi, ya ga mai ya jiƙa ƙasa a ƙarƙashin tiyo, amma bai ga inda yake fita ba. Sai tsohuwar sana'a ta motsa, don mai faci da hannu yake laluben huji. Bai kashe injin ba, ya shafa tafinsa a jikin tiyo. Ya ji ɗan tsini kamar cizon cinnaka. Ya duba, ko sukar allura ta fi shi jini. Ya goge a riga ya ci gaba da aiki. Da la'asar matarsa ta ga hannun ya kumbura, ta roƙe shi su je asibiti, ya ce ta shafa masa man kaɗanya kawai. Bai san man inji ya shige cikin nama yana ci ta ciki ba. Sai da hannu ya yi baƙi a kwana na uku aka kai shi asibiti. Likita ya ce da a ranar ya zo, da an ceci hannun. Daga wuyan hannu aka yanke.

Injin yana nan bayan gidansa, kaji na ƙwai a ƙarƙashi. Gatarin da ya gudu wa, yanzu ko ɗaga shi ba ya iyawa. Tsohon makaniki in ya biyo ta wurin yakan gaishe shi ya tambayi jiki, bai taɓa ce masa "ai na faɗa maka" ba. Mai faskaren da bakinsa yake cewa, da ya bar wa kirya ƙullinta, da yau da hannu biyu yake alwala. Ba banza Hausawa suka ce ba: garin neman ƙiba akan samo rama.