Furar Mai Halwa

Kurɓi ɗaya ya yi wa furar, ya ajiye ludayin. Wannan ba hannun Inna ba ne.

Shekaru ya yi yana sharar zawiya a Birni kafin Shehu ya yarda ya sa shi halwa, ya zama cikakken muridi. Sharaɗin ɗaya ne: wanda ya yi magana da ɗan Adam kafin a buɗe ƙofa, halwarsa ta ɓaci. Tun da aka rufe shi, abin da ya rage masa na duniya shi ne furar gida da ake miƙo masa ta 'yar taga, mai ƙamshin citta da kanumfari, dakan mahaifiyarsa. Ta yau kuwa salam, gero da nono kawai.

Saura ƙiris ya kammala. Ya damƙe carbi har ya yi masa shaida a tafin hannu. Takun mai kawo furar ya fara nisa.

"Wa ya dama wannan?"

Takun ya tsaya. Muryar ƙanwarsa ce, a dishe. "Wayyo Yaya, ka yi magana!"

"Ina Inna? Ki ce mata ga ni nan fitowa."

"Ka fito ka tarar da wa? Jiya aka yi sadakar bakwai. Ita ta hana a faɗa maka. Tana kwance ta sa aka jawo mata turmi, ta daka yaji da hannunta, ta ce in riƙa zuba maka kada ka gane." Ta ja hanci. "Yau ya ƙare, Yaya. Na kakkaɓe gwangwanin, babu ko ƙura."