Safa Ɗaya da Rabi

Wata bakwai ke nan Inna tana kwance a kan gadon ƙarfe da aka jawo mata kusa da taga. Ciwon daji ne ya ci mata ciki, likita kuma bai ɓoye wa 'ya'yanta ba, ya ce ba za ta warke ba. 'Ya'yan biyu ne: babban, malamin dabbobi, wanda matarsa ke da tsohon ciki, sai ƙanwarsa Auta da ta baro gidan mijinta ta zo jinya.

Malamin dabbobi mutum ne mai tausayi, wannan kowa ya shaida. Shekara ashirin yana aikinsa, aikin kuma ya koya masa cewa in jaki ya karye inda ba ya ɗoruwa, ko kare ya tsufa yana kuka, ba a barinsa ya wahala. Akwai wata 'yar kwalba a jakarsa don irin wannan rana. Sai ya shafa kan dabbar, ya yi mata allura, ta yi shiru. Masu dabbar har godiya suke yi masa.

Da sassafe yake fita, ba ya dawowa sai yamma. Yamma kuwa ita ce lokacin da maganin safe yake sakin Inna. Kullum ya shigo sai ya tarar da ita a dunƙule, ta riƙe ƙarfen gado, gumi yana zuba.

"Sannu, Inna."

"Ɗan nan, na gaji. Allah ya ɗauke ni in huta."

Haka ta faɗa jiya, haka ta faɗa shekaranjiya. Rannan ya tare Auta a bakin ƙofa ya ce, "Wai kullum haka take?"

Auta tana matse tsumma, barci fal idonta, ta ce, "Sai dai haƙuri, Yaya."

Bai ƙara tambayarta komai ba. Likita ma bai je ya tambaya ba, don a ganinsa shi ma ai rabin likita ne. Ya san idon abin da ya gaji da rayuwa, ya sha ganinsa.

Ranar wata Talata ya dawo ya tarar Auta ta tafi asibiti, matarsa kuma tana kwance a ɗakinta, nauyin ciki ya hana ta sakat. Inna ita kaɗai ce, tana nishi. Ya zauna a gefen gadon ya riƙe hannunta, ta sake faɗin maganar da ta saba. Ya daɗe yana kallonta yana hawaye. Sannan ya buɗe jakarsa. Ya shafa mata kai, ya yi abin da hannunsa ya saba, Inna ta yi shiru.

Ba a yi rabin awa ba Auta ta shigo da leda a hannu, tun daga ƙofa take magana.

"Yaya, an dace. Likita ya yi ta faɗa, wai me ya hana mu zuwa tuntuni. Ya ƙara mata maganin yamma, ya ce ciwon ba zai warke ba, amma zafin zai kwanta."

Sai ta dubi gadon. Ledar ta faɗi.

Bayan ta yi kukanta, ta ɗaga filo za ta gyara wa Inna kai. A ƙarƙashinsa akwai zaren ulu ruwan ƙwai, da kwarashi, da 'yar safar jariri guda ɗaya an gama ta tsaf. Ta biyun an kai rabi, kwarashin yana soke a jikinta.

"Wannan fa?" in ji malamin dabbobi.

"Ta jaririnka ce. Kullum da hantsi, in maganin ya kama ta, sai ta ce in jingina ta da filo. Tana saƙa tana tsokanar matarka, wai cikin ya fi mai shi girma. Ta ce kar a gaya maka sai ta gama." Auta ta share ido. "Ita ce ma ta aike ni yau. Ta ce, 'Ki ce wa likitan nan ya ba ni abin da zai kai ni in ga ɗan nan, ko da sau ɗaya ne.'"

Ya zauna a ƙasa. Wata bakwai yana ganin mahaifiyarsa, amma bai taɓa ganinta da hantsi ba.

"Auta," ya ce, "ni ne."

Ta dubi jakar a buɗe, ta dube shi. Ba ta yi ihu ba. Cewa kawai ta yi, "Yaya, Inna ce fa."

Da ƙafarsa ya kai kansa wurin 'yan sanda. Bayan mako uku matarsa ta haihu, mace. Ranar da aka ba matar damar kai masa ziyara gidan yari, ta ɗaga masa jaririyar ta bayan ƙarfe don ya gani. Ƙafa ɗaya tana sanye da safar ulu ruwan ƙwai, ɗayar ba komai. Babu wanda ya iya ƙarasa ta biyun.

Mai karatu, in mara lafiyarka ya ce ya gaji, zafi ne ke magana, zafi kuwa yana da magani. Ka koma wurin likita, ka zauna da majinyacinka safe da yamma. Rai ba naka ba ne, tausayi bai ba ka ikon yanke shi ba.