Mai Shayi da Lemon Abarba

To mai shayin nan na bakin tasha dai ya sake ɗaga kofi sama, ya sheƙo lemon cikin ɗaya kofin, ya mayar, ya sake sheƙowa, kumfa ta taso har tana zuba ta gefe. Ya miƙa wa wani tela da ke zaune a bencinsa. Tela ya kurɓa, ya ɗan jira ko gyatsa za ta zo, shiru. Ya ce daɗi kam akwai, amma wannan ai ruwan abarba ne kawai, ina gas ɗin da aka yi ta yi musu talla?

Bari in koma baya kaɗan don ka gane. Bazara ce ta shigo, irin zafin nan da ko kwalta sai ta yi laushi. Da safe ana shan shayi, amma rana na ɗagawa sai mutanen bencinsa su zare jiki ɗaya bayan ɗaya, su tsallaka titi wajen mai shagon da ke da firji. Kuma ka san mai shayi, bencinsa shi ne kasuwarsa, in hira ta koma wani wuri ciniki ma binta yake yi. Ana cikin haka ya je suna gidan ƙanwarsa, aka ba shi wani lemo mai sanyi da ta haɗa da kanta, yana ɗan tsikarar harshe, ga ƙamshin citta. Ya tambaye ta me da me ta sa. Ta ce abarba ce ta markaɗa da ɗanyar citta, ta tace, ta matsa lemon tsami, ɗan sukari, sai ruwan soda da ƙanƙara. Ya ce shi kenan ya gane. Bai tambayi yadda ake haɗawa ba, don a ganinsa wanda ya yi shekaru yana haɗa shayi ba a koya masa haɗa abin sha. Ya dawo ya shelanta wa jama'a cewa daga yanzu ba mai tsallaka titi.

Sai ga shi kullum lemon lami yake fitowa. Abin ya ɗaure masa kai, kuma mutumin akwai son bin diddigi. Ya ce ko abarbar ce ba ta nuna ba, ya sayo nunanniya. Ya ce ko ƙanƙara ce ke kashe shi, ya daina sawa. Ya canza abarba da kankana, ya gwada mangwaro. Har zargin mai sayar masa da ruwan sodan ya yi, wai tsoho yake ba shi, alhali in ya buɗe kwalbar da kunnensa yake jin tana cewa tsiii. Abu ɗaya ne bai taɓa zargi ba, wato hannunsa. A wajen mai shayi kumfa ai ita ce ado, in ka ga ta taso to shayi ya haɗu. Shi ya sa duk lokacin da ya ga lemon ya fito lami sai ya ƙara ɗaga hannu sama, ya ƙara sheƙawa, a zatonsa gas ɗin yake tayarwa.

Ranar da abin ya warware, bencin saura telan nan kaɗai, shi ma don kunya yake zama. Wani mai adaidaita ya tsaya a gurguje, gumi ya jiƙa masa riga, fasinjoji na jiransa a ciki. Mai shayi ya zuba ruwan abarba a kofi, ya tsiyaya soda a kai, ya kai hannu zai ɗauko babban kofin sheƙawa.

Mai adaidaita ya ce, "Baba bar wasan nan, ba ni a haka, mutane na jira."

Ya karɓa ya ɗaga kai ya shanye. Kafin ya ajiye kofin sai ga gyatsa, ƙatuwa, har fasinjojin suka yi dariya. Ya ce a ƙaro masa.

Mai shayi ya tsaya yana kallon hannunsa. Ya haɗa kofi biyu, ɗaya ya sheƙa yadda ya saba, ɗaya ya karkata kofin ya zuba sodan a hankali ta gefe, ya juya sau ɗaya da cokali. Ya kanga kunne a kan kowanne. Kofin da ya sheƙa, mai kumfar, ya yi tsit. Wanda ba a wahalar ba kuwa yana ta 'yar ƙara ƙasa-ƙasa, ƙananan ƙwayoyi na tasowa daga gindin kofin. Ashe kumfar da yake alfahari da ita, gas ɗin ne ke yi masa sallama.

Kar ka ce daga nan komai ya yi sauƙi. Hannun nan da kansa yake tashi, sai ya tsinci kansa ya riga ya ɗaga kofi. Dole ta sa da zarar rana ta take yake cusa babban kofin can ƙarƙashin tebur, sai da asuba ya fito da shi don shayi. Tela ne ya tsallaka titi ya kai labari. Wasu sun dawo benci, wasu kuma sun riga sun saba da kujerar mai firji, sun tafi kenan.

Shi ya sa Hausawa suka ce in kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza. To kai fa, wace rawa ce ƙafarka ta saba da ita har ba ka lura makaɗin ya daɗe da canza kiɗa ba?