Shekarar da Aka Sanyaya Teku

Tun da aka ƙera injinan ɗumama teku da sanyaya shi, a ofishin damina ake jin ranar saukar ruwa. Uwani, mai noman gero a Gumel, ta je tambaya.

Ma'aikacin, Isiyaku ɗan ƙanwarta, ya kasa haɗa ido da ita.

"Inna, bana an sanyaya tekun. Ƙanƙarar ƙarshen duniya ce ke narkewa, biranen bakin ruwa za su nutse. In teku ya yi sanyi kuwa, hadari ba ya isowa nan."

"Har yaushe?"

"Sai baɗi."

Uwani ta dafa bango.

"Isiyaku, jiya na binne irina duka. Ni fa ko ganin tekun nan ban taɓa yi ba."